Gogaggen daɓen kankare: da gaske ya fi tayil arha, kuma kowane daɓe zai ɗauka?

Shin mutum zai iya haƙura da tayil, ya kira masu inji su gurje daɓen simintin ɗakinsa har ya riƙa ganin fuskarsa a ciki, kuma kuɗin ya zo ƙasa da na tayil? Tambayar ke nan da ke yawo a bakin masu gini a Kumasi tun da bidiyoyin wannan aiki suka cika TikTok da Facebook. Za ka ga daɓe mai toka-toka, a tura inji a kansa, kafin ƙiftawar ido ga fitilun silin suna haskawa a ƙasa. Duk wanda ke ɗaga ɗaki biyu a Sawaba ko yake gyara shago a Alabar, kuma ya san yadda kayan gini ke tashi duk lokacin da sidi ta faɗi, dole abin ya ja hankalinsa. Tsadar siminti kaɗai ta kai har a 2024 ministan kasuwanci na lokacin, K.T. Hammond, ya kai wa majalisa dokar sa ido kan farashinsa, masu kamfanonin siminti kuwa suka yi ta ƙorafi.

Aikin gaskiya ne, kuma in an yi shi daidai yana daɗewa. Sai dai bidiyon ba ya nuna irin kankaren da aka gurje, kuma a nan duk maganar take.

Abubuwa daban-daban da ake kira da suna ɗaya

Rabin rigimar da ake yi tsakanin masu gida da masu aiki daga nan take farawa. Alhaji ya ce yana son daɓe mai sheƙi, masta ya ce zai yi, kowa da abin da ke cikin kansa.

Akwai daɓen da muka tashi muka tarar a gidajen haya na Aboabo da Asawase: magini ya shafa siminti da yashi, tun yana ɗanye ya barbaɗa tsuran siminti a kai, wani lokaci da jan gari, ya laulaye da cokalinsa har ya yi santsi. Akwai kuma tarazo, wanda ya cika tsofaffin makarantu da asibitoci da ofisoshin gwamnati. Shi ɓarɓashin farin dutse ko mai launi ake kwaɓawa da siminti a shimfiɗa a kan kankare, a raba shi gida-gida da siraran ƙarfe ko gilashi, in ya bushe a gurje. Asalinsa daga Italiya ne, kuma masu aikinsa a Ghana sun daɗe da ƙwarewa.

Na uku shi ne wanda ya fi ruɗa mutane, wato shafen roba. A ɗan gurje daɓe sama-sama, a zuba masa ifoksi ko wani ruwan roba mai ƙyalli. Ranar da aka gama ya fi kowane ɗaukar ido. Amma sheƙin na robar ne, kuma roba tana ƙujewa a inda ƙafa ta fi bi. In danshi na tasowa daga ƙasa kuma sai ta yi bororo ta ɗaye.

Gogaggen kankare na ainihi ba a lulluɓe shi da komai mai kauri. Fuskar kankaren ce da kanta ake ci da inji, ana rage kaushinta mataki-mataki har ta koma tana mayar da haske. Ba abin da zai ɗaye tunda ba abin da aka manna. Saboda haka tambayar farko da mai gida zai yi wa duk wanda ya zo da farashi ita ce: sheƙin nan daga gurza zai fito, ko daga abin da za ka zuba?

Yadda ake fito da sheƙi daga kankare

Injin yana da faifai masu juyawa a ƙarƙashinsa, a jikinsu an ɗaura haƙora masu ɗauke da ɓarɓashin lu'ulu'u. Kada a ji lu'ulu'u a tuna da wanda ake haƙowa a garin Akwatia. Wannan a masana'anta ake ƙera shi, kuma taurinsa ake so. Haƙoran suna da lamba, in lambar ta yi ƙasa kaushin ya fi yawa. Ana farawa da masu gindin ƙarfe, lamba 30 ko 40, su cinye tudu da tabon fenti da ragowar filasta. Daga nan 80, sai 150. Sai a koma masu gindin roba: 100, 200, 400, 800, 1500, wani lokaci har 3000. Aikin kowace lamba shi ne share ƙujewar da ta gabanta ta bari. Wanda ya yi tsalle daga 80 zuwa 400 don ya gama da wuri, zanen haƙoran farko zai zauna a ƙasa, da'ira-da'ira, kuma sai hasken rana ya shigo ta ƙofa ake ganinsa. A lamba 400 daɓen yana da santsi ba ƙyalli sosai. Daga 800 ya fara mayar da haske. Wanda ake gani a bidiyo na 1500 ne zuwa sama.

Zurfin cin farko shi ke yanke irin kamannin da za a samu. In an ɗan shafi sama kawai, launin siminti zai fito da gajimare-gajimarensa. In an ci milimita ɗaya ko biyu, ƙwayoyin yashi za su bayyana. In aka nutsa har kusan milimita 6, tsakuwa za ta fito a yanke, ya yi kama da tarazo, kuma wannan ya fi cin haƙora da lokaci.

A tsakiyar aikin ake fesa ruwan ƙarfafawa, wanda sinadarin siliket ne, na sodiyam ko fotasiyam ko litiyam. Idan siminti ya haɗu da ruwa ya daskare, yakan bar wani farin sinadari mai laushi a cikin ƙofofin kankare. Siliket yana shiga ya haɗu da shi, su zama irin abin da ke riƙe kankare tun asali, fuskar ta ƙara tauri ta daina fitar da gari. Wanda ya taɓa ganin daɓen gargajiya a ƙasar Hausa zai gane dabarar: mata suna bugun ƙasa da madaɓi, suna yayyafa ruwan makuba na ɓawon ɗorawa, ya nutse cikin ƙasar ya ɗaure ta. Kuma kamar yadda makuba ba ta gyara daɓen da ba a buga da kyau ba, siliket ma ba ya mayar da ruɓaɓɓen kankare mai ƙarfi. Milimitocin sama kawai yake taimaka wa.

Me ya sa yawancin daɓenmu ba za su ɗauka ba

A yadda aka saba gini a nan, ba wanda ke zuba kankaren ƙasa da niyyar a gan shi. Ana cike gidan da jar ƙasa, a daddanna, a zuba kankare maras yawan siminti, sau da yawa awon 1:3:6, wato siminti ɗaya, yashi uku, tsakuwa shida, a baje shi da katako a tafi. Bayan an yi rufi an yi filasta, sai a dawo a daidaita ƙasa da shafen siminti da yashi mai kaurin santimita biyu zuwa biyar, wanda magina ke kira sikirid. Shi ne gadon tayil. Tunda kowa ya san tayil zai rufe shi, a nan ake tsimin siminti.

To wannan shafen shi injin zai tarar, ba kankare ba. Babu tsakuwa a cikinsa, kuma in simintinsa ya yi kaɗan haƙoran lu'ulu'u ba sa yanka ƙwayoyin yashi, tumɓuke su suke yi. Sai a yi ta gurza ana samun ramuka, yashin da ya fita kuma yana cinye haƙoran cikin sauri, mai aiki yana asara mai gida yana fushi. Wani wurin ma shafen bai kama kankaren ƙasa ba. In ka ƙwanƙwasa da ƙarfe za ka ji yana amsawa kamar akwai rami, kuma nauyin inji kaɗai ya isa ya fasa shi.

Ko inda aka zuba kankare na sosai, ruwa ne babban mai ɓarna. Buhun siminti mai kilo 50 bai buƙatar fiye da lita 22 zuwa 25 na ruwa in ana son kankare mai ƙarfi, kusan jarka ɗaya mai rawaya irin wadda ake kira galan ɗin Kufuor, kuma danshin da ke cikin yashi yana cikin lissafin. Amma lebura da ke ɗaukar kwanon sarki tun safe ya fi son kwaɓi mai gudu, saboda ya fi sauƙin zubawa da bajewa. «Masta, a ƙara ruwa kaɗan» magana ce da ake ji a kowane wurin gini. Ruwan da ya yi yawa yana tasowa sama da garin siminti, ya bushe ya bar fuska mai laushi, wato daidai wurin da ake son gogewa. Haka nan yashin da ya haɗu da laka, da kankaren da ba a girgiza shi ba ya bar kumfar iska a ciki. Duk waɗannan tayil yana ɓoye su. Gurza kuwa tona su take yi.

Sai shayarwa. Kankare ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba, ruwa yake ci a hankali. Yana son aƙalla kwana 7 ana jiƙa shi ko a rufe shi da leda, kuma masu goge na ƙwarai ba sa taɓa shi sai ya kai kwana 28. Wanda ya zuba a cikin hunturu, lokacin da busasshiyar iska ke tsotse ruwan fuska cikin awanni, ya kuma bar shi a buɗe, ya riga ya yi asarar fuskar. Injiniyoyi sukan nemi ƙarfin da suke kira C25 ko sama da haka don daɓen da za a goge. Wannan ba ya samuwa da kallon ido, sai an auna kayan haɗin, kuma lambar ƙarfin siminti da ke jikin buhu, 32.5 ce ko 42.5, ko buhun na Ghacem ne ko na Dangote, ba za ta ceci kwaɓin da aka cika wa ruwa ba. Mai babban aiki na iya kai samfurin kankarensa a gwada a ɗakin gwaji, irin na jami'ar KNUST ko na cibiyar binciken gini da hanyoyi da ke Fumesua.

Tsagewa kuma ba makawa. Kankare yana tsukewa yayin da yake bushewa, don haka ake yanka masa layi tun a ranar farko, zurfin kashi ɗaya cikin huɗu na kaurinsa, kusan kowace mita 3 in kaurin santimita 10 ne, domin ya tsage a cikin layin maimakon ya tsage inda ya ga dama. Tsagar da ta riga ta fito ana iya cike ta, amma za a ci gaba da ganinta. Wasu na son hakan, suna cewa shi ne kyan abin. Hajiyar da ta biya kuɗi tana jiran falo fes ba lallai ta yarda da wannan falsafar ba.

Abu ɗaya da gogaggen kankare ya fi ifoksi a gari mai damina biyu kamar Kumasi shi ne yana barin danshi ya fita ta jikinsa. Duk da haka, gidan da ba a shimfiɗa leda a ƙarƙashin kankarensa ba, musamman a unguwannin da ke kwari, zai iya riƙa fitar da farin gishiri yana dusar da sheƙin. Gwajinsa ba wuya: a manna leda mai faɗin kusan santimita 45 a ƙasa, a liƙe gefunanta, a bar ta ta kwana. In an ɗaga an ga raɓa ko wurin ya yi duhu, akwai danshi.

Lissafin kuɗi: wa ke da gaskiya?

Masu goge suna cewa ka riga ka biya kuɗin kankare, me zai sa ka sake biyan sikirid da tayil da simintin mannawa da ladan mai sawa? Ga shi ba layukan tsakani da ke tara dauɗa, ba tayil da zai fashe a rasa irinsa a kasuwa. A babban wuri suna da gaskiya. Sito, babban kanti, zauren biki, ajin makaranta, wurin da ake tura kaya masu nauyi: in tun farko an zuba kankaren da wannan niyya, an laulaye shi da inji, to goge shi ya fi sauƙi, kuma zai yi shekaru ana mora.

Masu tayil kuma suna cewa tayil ba na masu hali kaɗai ba ne yanzu, tunda ana yin sa a cikin ƙasa; kamfanin Keda mai yin tayil ɗin Twyford yana Shama a yankin Yamma. Mai sa tayil yana kowace unguwa, kayan aikinsa a jaka suke, ba ruwansa da irin wutar da ke gidan. Babban injin gurza kuwa nauyinsa ɗaruruwan kilo ne, sai an ɗauko shi a mota, kuma da yawansu wuta mai layi uku suke ci, alhali mitar kamfanin wutar lantarki na ECG ta yawancin gidaje mai layi ɗaya ce. Ke nan sai an yi hayar janareta. Wannan kuɗin ɗaya ne ko murabba'in mita 20 za a goge ko 500. Ga kuma gefen bango da kusurwa da bakin ƙofa, inda babban inji ba ya kaiwa, sai an durƙusa da ƙaramin injin hannu a bi lambobin nan ɗaya bayan ɗaya. Ƙaramin ɗaki kuwa aikin gefensa yana da yawa.

A ganina, ga mai ɗaki da falo a tsohon gida, tayil ko tarazo ya fi masa. In ya nace sai gogaggen daɓe, to sai an fasa tsohon shafen an zuba sabon kankare mai ƙarfi ko an sayi garin musamman da ake shimfiɗawa don gogewa, kuma daga nan maganar arha ta ƙare. In wani ya kawo masa farashin da ya yi ƙasa da na tayil a kan tsohon sikirid, mai yiwuwa gurza biyu zai yi ya zuba roba. Araha ba ta ado.

Ɗan haya kuma ya ƙara tunani. Dokar haya ta 1963 ta ce kada a karɓi kuɗin gaba fiye da na wata shida, amma kowa ya san shekara biyu ake karɓa. Mai shagon da ya biya wannan, ya sake kashe kuɗi a daɓen da ba zai iya ɗauka ya tafi da shi ba, ya kamata ya zauna da mai gida a rubuta yadda za a cire masa daga haya kafin inji ya shigo.

Ƙurar da ba a sa ta a farashi

Wannan ɓangaren bidiyo ba ya nuna shi ko kaɗan. Tsakuwar da ake gini da ita a Kumasi, irin ta wuraren fasa dutse na Buoho, yawancinta dutsen giranit ne, kuma shi da yashi duka cike suke da wani sinadari mai tauri da ake kira silika. In an gurje su a bushe, ƙurar da ke tashi tana da ƙwayoyin da ido ba ya gani, masu wucewa har ƙarshen huhu su zauna. Jiki ba ya iya narkar da su, sai huhu ya yi ta yin tabo a kewayensu har numfashi ya gagara. Cutar sunanta silikosis, ba ta da magani, kuma tana iya ɗaukar shekaru kafin ta bayyana. Tana ƙara wa mutum haɗarin kamuwa da tarin fuka, alamominta ma suna kama da nasa, don haka wanda ya daɗe a aikin dutse ko gurza, in ya je asibiti da tari, ya gaya wa likita sana'arsa. Hukumar binciken cutar kansa ta duniya ta sa ƙurar silika cikin abubuwan da ke jawo kansar huhu tun 1997. A Amurka, dokar 2016 ta iyakance ta ga ma'aikaci a kan maikurogiram 50 a kowace kubik mita ta iska cikin aikin awa 8, abin da gurzar bushe ba tare da injin zuƙa ba take ninkawa sau da yawa.

Wa ke shaƙar ta? Ba Alhaji mai gida ba, kuma sau da yawa ba masta ba. Yaron da aka ba ƙaramin injin hannu ya bi gefen bango ne, fuskarsa dab da faifai, ya ɗaure hanci da tsumma ko takunkumin da ya rage tun zamanin korona. Waɗannan ba sa tare irin wannan ƙurar. Mafi ƙarancin abin da ake buƙata shi ne takunkumi mai lamba N95 wanda ya zauna daidai a fuska. A gidan haya mai tsakar gida ɗaya kuma, ƙurar ba ta tsayawa a ɗakin da ake aiki. Tana sauka a kan shanya, da tukunyar mai waake, da jaririn da ke kwance a ɗakin maƙwabta.

Hanya biyu ce ta magance ta: a haɗa injin da na'urar zuƙar ƙura mai matata ta musamman, ko a gurza da ruwa. Ruwa ya fi sauƙin samu a nan, kuma masu tarazo da shi suka saba. Amma yana barin taɓo mai kaifi da ke cin fatar ƙafa da hannu, dole a sa takalmin roba da safar hannu. Kuma in aka kora shi kwata, kwanciya yake yi ya taurare. Unguwannin da ke zuba ruwansu a rafin Aboabo da na Subin sun san abin da toshewar kwata ke jawowa da damina. Abin da ya dace a tara taɓon a wuri ɗaya, ruwan ya tsane, a kwashe sauran tun yana da danshi a kai juji, don in ya bushe aka share shi da tsintsiya ƙurar da aka guje wa ce za ta sake tashi.

Zama da shi bayan an gama

Gogaggen kankare yana da ƙananan ƙofofi ko bayan an fesa masa siliket, shi ya sa ake ƙarasa shi da wani siririn ruwan kariya mai nutsewa, wanda ake sabuntawa lokaci-lokaci. Manja in ya zuba aka bar shi ya kwana zai bar tabo, haka zoɓo. Abu mai tsami kuwa cin fuskar yake yi: lemun tsami, ruwan tumatir, da uwa uba ruwan asid da ake sayarwa don wanke tayil da bayi, wanda zai kashe sheƙin nan take. Ruwa da sabulu maras kaifi sun wadatar. Jar ƙasar da takalmi ke kwasowa ita ke dusar da shi a hankali, don haka gidan da ake cire takalmi a ƙofa daɓensa zai fi na kanti daɗewa. In ya dushe bayan shekaru, ana sake bin sa da lambobin ƙarshe kawai ya dawo.

A bushe ba shi da santsin da ido ke zato. In ya jiƙe kuwa labari ya canja. Kwamitin masallacin da ke tunanin yin sa a harabar sallah zai iya, amma wurin alwala da hanyar da ake bi da jiƙaƙƙiyar ƙafa zuwa sahu a tsaya a ƙaramar lamba ko a bar su da kaushi, saboda dattawa. Bayi da tsakar gidan da ruwan sama ke duka ma haka.

Kafin a biya kuɗin somin aiki, mai gida ya ɗauki ƙusa ya ja da ƙarfi a wurare da yawa a daɓen. In tana tono tana fitar da yashi, ba sai an kira kowa ba. In ta zame ta bar ɗan zane kawai, sai a nemi mai aikin ya goge murabba'in mita ɗaya a kusurwar da ta fi muni, da lambobin da ya yi alkawari duka, a zuba ruwa da ɗan manja a kai a gani, sannan a rubuta lambar ƙarshe da hanyar da zai bi da ƙura a cikin takardar yarjejeniya.